Sabunta jikin mota da sauya fitilun gaba: inda ado ya tsaya, inda doka ta fara

Tun da farashin motocin da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun haƙura da sayen wata motar, sun koma ga gyara wadda ke hannunsu. Wannan ne ya sa kasuwar masu gyaran jikin mota da masu fenti ta buɗe a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja. Mota takan shiga gareji a kwarjale, ta fito tana sheƙi, da sabon bamba da sababbin fitilu. Sai dai a cikin wannan aiki akwai abin da ke tsakanin mai mota da aljihunsa kawai, akwai kuma abin da ya shafi doka da rayukan sauran masu bin hanya.

Gyaran jiki na gaskiya yana farawa ne daga ƙarfe. A buga wurin da ya lotsa har ya dawo daidai, a kankare tsatsa ko a yanke wurin da ta ci a yi walda, sannan a shafa ɗan foti siriri domin cike abin da guduma ba ta iya daidaitawa ba, a goge, a sa fentin share fage, kafin a fesa launi. Mai gaggawa kuwa yakan tsallake bugun ƙarfen, ya cika ramin da foti mai kauri. Ranar karɓar mota ba a ganin bambanci. Bayan zafin bazara da ruwan damina guda ne fentin zai fara tsattsagewa, tsatsar da aka binne kuma ta ɓullo. Dillalai sun daɗe da sanin dabarar ganewa: maganaɗisu yana manne wa ƙarfe, amma yana sakin wurin da foti ya yi yawa.

Idan launin da aka fesa shi ne wanda motar take da shi tun asali, hukuma ba ta da magana. Idan an sauya launi ne doka take shigowa. Launin mota na cikin bayanan da aka yi mata rajista da su, kuma ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 sun buƙaci a sanar da ofishin lasisi domin a gyara takardu. Wanda takardarsa ta ce fara, motarsa kuma ta koma baƙa, shi ya ba jami'in tsaro dalilin tuhumar cewa ta sata ce. Akwai kuma launin da aka hana gaba ɗaya, wato koren soja, wanda ke da dokarsa ta musamman. Haka nan gilashi mai duhu, da dokar 1991 ta haramta sai da izinin 'yan sanda.

Ga masu sayen mota domin sayarwa, akwai wani yayi da ya kamata a lura da shi: sauya fuskar tsohuwar mota ta yi kama da ƙirar baya-bayan nan, musamman manyan motocin Toyota da Lexus. Yin hakan domin sha'awa abu ne daban da sayar da ita a matsayin sabuwar ƙira, wanda zamba ne tsagwaronta. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ba ta sauyawa da sauyin bamba, kuma a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne ke nuna shekarar ƙira.

Fitilun gaba su ne inda matsalar ta fi girma, domin mutane da yawa suna ɗaukar fitila kamar ƙwan ɗaki: a cire mai rauni a sa mai ƙarfi. Fitilar mota ba haka take ba. An ƙera kwanon da ke mayar da haske da gilashin gabanta ne bisa ainihin wurin da siririn zaren ƙwan halojin yake, ta yadda idan aka kunna dim hasken zai zuba a kan titi, ya yanke a wani layi da bai kai idon mai tahowa ba. Ƙwan halojin samfurin H7 mai wat 55 yana ba da haske kimanin lumen 1,500. Ƙwan zenon, wanda ake kira HID, mai wat 35 yana ba da fiye da 3,000. Idan aka cusa wannan, ko ƙwan LED na kasuwa, cikin kwanon da aka yi domin halojin, tushen hasken ba ya zama a inda kwanon ke tsammaninsa. Sai layin yankewar ya ɓace, hasken ya watsu sama da gefe.

Direban irin wannan mota yakan rantse cewa yanzu ne yake gani, domin gaban bambarsa ya yi fari fat. Amma nesa, inda ake buƙatar hango rami ko mai tafiya a ƙasa, sau da yawa ba ta ƙaru da komai ba. Wanda ke tahowa kuwa idonsa ya rufe na 'yan daƙiƙu, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A hanya mai layi ɗaya da ba ta da fitilun titi, wannan tazara ta isa a afka wa babbar motar da ta lalace a gefen hanya. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin ƙurar hazo tana dawo wa direba da farin hasken nasa.

Ƙasashen da ake ƙera waɗannan motoci sun ɗauki batun da muhimmanci. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai ke bi ta ce fitilar dim da haskenta ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa mata na'urar wanke gilashi, kuma motocin da suka fito da zenon daga kamfani suna da na'urar daidaita tsayin haske da kanta. A Ingila, tun 2021, motar zamani da aka sa wa HID ko LED a kwanon halojin ba ta tsallake gwajin shekara-shekara. Jamus ta fara amincewa da wasu ƙwayayen LED na musanya a 2020, amma ga jerin motocin da aka gwada su a kai kaɗai.

A Nijeriya, dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta 2007 ta sa saɓa ƙa'idar fitila cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu, kuma fitilu na cikin abubuwan da jami'an VIO ke dubawa kafin su ba da takardar shaidar lafiyar mota. Tushen ƙa'idar a bayyane yake: farin haske ko mai ɗan rawaya a gaba, ja a baya, a kuma rage haske idan wani yana tahowa. Fitilu masu walƙiya na ja da shuɗi na motocin gaggawa da na jami'an tsaro ne. Dogayen sandunan LED da ake ɗaurawa a kan rufi ko bamba an yi su ne domin daji da wuraren aiki. Ba su da dim ko kaɗan. Gaskiyar magana, aiwatar da dokar yana da rauni, tunda da rana aka fi tsayar da motoci, alhali da dare ake aikata laifin. Amma idan haɗari ya auku, kamfanin inshora na iya kafa hujja da sauyin da ba a sanar da shi ba.

Akwai kuma tarkon da ko masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka fitilar da ta dace da hanyoyinta ita ce mai ɗaga haske ta gefen dama, wajen bakin titi. Fitilun gwanjo da aka cire daga motocin Japan ko Ingila suna ɗaga nasu ta hagu, kai tsaye cikin idon mai tahowa, ko da kuwa na asali ne. A fitilun da ke ɗauke da tambarin E, kibiya mai kai ɗaya a jikin gilashi tana nuna ta ƙasashen hannun hagu ce. Mai kai biyu tana aiki ko'ina, marar kibiya kuma ta hannun dama ce.

Mafi yawan masu kukan rashin haske ma ba ƙwan ne matsalarsu ba. Murfin fitilun zamani roba ce da rana ke mayarwa rawaya, kuma gogewa da shafa mata maganin kariya daga rana na dawo da haske mai yawa. Idan ba a shafa ba, cikin 'yan watanni za ta sake dusashewa. Mai wayarin kuma zai iya gano ko wuta ce ba ta isa ƙwan sosai. Sannan duk fitilar da aka kwance lokacin fenti tana buƙatar saiti. A ajiye mota a wuri mai shimfiɗe, mita 10 daga bango, a kunna dim: a yawancin ƙananan motoci, layin hasken ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar. Ainihin adadin yakan kasance a rubuce a jikin fitilar, kamar 1.0% ko 1.2%.