Sarraounia: Fim ɗin Sarauniyar Lugu da ya yi wuyar samu

Cikin finafinan yaƙi na tarihi, wanda na fi son in ga ’yan’uwa mazauna ƙetare sun nema sun adana shi ne Sarraounia, na Med Hondo ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986.

Labarin namu ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta nufi Tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa tana karkashe jama’a. Birnin Konni ya ɗanɗana kuɗarsa. A Lugu, yankin Dogondutse, Sarauniya Mangu ta Azna ta ƙi miƙa wuya, ta tare su da baka da kibiya. Abdoulaye Mamani na Nijar ya mai da labarin littafi a 1980, daga nan Hondo ya ɗauka.

Abin da ke jan hankalina shi ne yadda fim ɗin ya tsaya kan sojojin haya, baƙaƙen fata da ke riƙe wa Bature bindiga. Kana kallon yadda tsoron Sarauniya ke cin su sannu a hankali, har suka juya wa shugabanninsu baki. Dawakai da ƙura da gobara duk akwai, amma wannan ruɓewar rundunar ta fi su daɗin kallo.

Wani abin takaici kuma, ba a Nijar aka ɗauke shi ba. A Burkina Faso aka yi, zamanin Thomas Sankara, shi ya sa za ka ji Julanci da Faransanci a inda kunnenka ke jiran Hausa. Aï Keïta ce ta fito a Sarauniya.

Ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, amma bai daɗe a gidajen sinima na Faris ba. Ƙarancin kayansa ke nan ya samo asali. Wanda ke Faransa ko Beljiyam, ya leƙa shagunan tsofaffin fastoci. Babbar fastar sinima ta Faransa santimita 120 ce da 160, kuma a wancan zamani a ninke aka saba raba ta, don haka alamar ninki ba aibi ba ce. Wadda ta zo sumul tana ƙyalli ita ce abar tuhuma, sai a bincika ko sabon bugu ce kafin a biya.