Tayar ƙanƙara a rairayin Dakoro

Daga Maraɗi zuwa Dakoro, daga nan har Bermo, ran matafiyi da dukiyar ɗan kasuwa duk bisa taya suke. Galibin masu mota gwanjon Turai suke saye don sauƙin kuɗi. Da ta Kwatano kayan ke shigowa. Bayan rufe iyakar Benin a 2023 sai suka koma biyowa ta Lome.

Cikin wannan gwanjo akwai tayoyin hunturu, waɗanda Turawa ke sa wa motocinsu in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Robarsu taushi gare ta, don ta kama ƙanƙara. A bazarar Dakoro kuwa, zafi kan wuce digiri 40: robar ta yi saurin cinyewa, birki ya rage kamu, balle an labta wa mota buhunan gero.

Saboda haka mai saye ya duba gefen taya. Zanen dutse mai ƙanƙara a ciki alamar ta hunturu ce. Lambobi 4 na ƙarshe bayan DOT su ne mako da shekarar ƙira: 2318, mako na 23 na 2018. Araha dai ba ta ado.