Manhajar Gyaran Hoto: A Duba Ƙofar Fita Kafin A Shiga

Duk wanda ya yi wayo a zamanin fim ya san yadda sha'anin ɗaukar hoto yake a da. Mutum ya sayi fim mai cin hoto 24 ko 36, ya yi ta tattalinsa har ya cika, sa'an nan ya kai wa mai wanki ya jira kwanaki. In an wanko, masu kyau su shiga albam, fim ɗin kuwa a adana shi a ƙasan adaka. Yau kuwa mai sha'awar hoto, watau wanda ba da sana'ar yake ci ba, yana iya komowa daga kallon hawan Sallah guda da hotuna dubu a katin kyamararsa. Ɗakin mai wanki da albam da adaka duk sun koma cikin kwamfuta, abin da ke yin aikinsu kuwa shi ake kira manhaja.

Aikin wannan manhaja kashi biyu ne, gyara da tsari, amma galibin masu farawa gyaran kaɗai ke ɗaukar hankalinsu.

To, a fara da gyaran. Kyamarori da yawa, har da wasu wayoyin hannu, suna iya ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG, wanda kyamara ta riga ta dafa da kanta ta zubar da abin da ta ga ba ta bukata, matakan haskensa 256 ne a kowane launi. Akwai kuma RAW, watau ɗanyen hoto, mai matakai 4,096 ko 16,384 gwargwadon kyamarar. Bambancin yana fitowa ne a wurin da aka fi shan wuya. Ga mahayi sanye da farar riga da farin rawani, rana ta take tsaka, fuskarsa kuwa tana cikin inuwa. A JPEG, ko dai aikin rigar ya ɓace cikin fari, ko fuskar ta nutse cikin duhu. A RAW sau da yawa ana iya dawo da duka biyun. Sai dai ɗanyen hoto yana da nauyi, yakan ninka JPEG sau biyu ko uku, kuma ba ya kyaun gani sai an bi ta kansa da manhaja.

Sunan da kowa ya fi sani shi ne Photoshop, wanda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1990. Amma fa Photoshop kayan aikin mai zama kan hoto guda ne ya yi ta sassaƙa. Mai hotuna dubu ya fi bukatar irin Lightroom, wanda kamfanin ya fitar a 2007. Ita wannan ba ta taɓa ainihin hoton. Abin da take yi shi ne rubuta umarnin gyaran a wani kundi nata, ta yadda ko bayan shekara goma mutum na iya warware abin da ya yi ya koma farko. Ko wace manhaja mai karatu zai zaɓa, kada ya yarda da wadda ba ta da wannan hali.

Matsalar ita ce kuɗi. Tun 2013 Adobe ya juya ga tsarin haya, kuma Lightroom ta 6, wadda ta fito a 2015, ita ce ta ƙarshe da aka sayar saye na har abada. Ga ma'aikacin da albashinsa naira ne, hayar da aka ƙiyasta da kuɗin waje ba ƙaramin abu ba ce, balle bayan faɗuwar darajar naira tun daga 2023. Har ila yau, a 2022 bankuna da dama sun tsuke ko sun tsayar da biyan kuɗi a ƙetare da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Wanda ya daina biyan hayar Lightroom Classic ba ya rasa hotunansa, yana iya dubawa ya fitar da su, amma sashen gyara a rufe yake.

Ba haya kaɗai ke raba mutum da manhajarsa ba. Kamfanin Apple ya fitar da Aperture a 2005, masu hoto da yawa suka zuba aikin shekaru a cikinta, sai a 2014 ya ba da sanarwar ya daina raya ta. Google ma ya yi ritayar Picasa a 2016. Hotunan mutane ba su ɓace ba. Abin da ya shiga haɗari shi ne wahalar da aka sha a kansu, watau gyare-gyare da sunayen mutane da rabe-raben albam, domin yawancinsu suna kulle ne a kundin da manhajar kaɗai ta iya karantawa sosai. Saboda haka tambayar farko ga mai zaɓe ba wace ce ta fi fito da launi ba. Tambayar ita ce, ran da aka rabu, me za ta bari a fita da shi?

Amsar tana cikin wani ɗan ƙaramin fayil da ake kira XMP, wanda ke zama kusa da kowane hoto yana ɗauke da bayaninsa. In aka umarci manhaja ta riƙa rubuta shi, to sunaye da kalmomin shaida da taurarin da aka ba hoto za su bi shi duk inda ya koma. Gyaran haske da launi kuwa ba ya ƙaura lafiya daga wata manhaja zuwa wata, don haka hoton da aka gama gyarawa a fitar da kwafinsa mai inganci a ajiye gefe.

Akwai na kyauta, kuma ba na wasa ba ne. Darktable da RawTherapee suna wanke ɗanyen hoto, digiKam ta ƙware wajen tsari har tana gane fuskoki, GIMP kuwa tana yin da yawa daga aikin Photoshop. Gaskiya darktable tana da wuyar sabo, maɓallanta sun yi yawa, mai gaggawa zai gudu a makon farko. Shi irin wannan gara ya fara da wadda masu kyamararsa suka bayar kyauta, kamar Digital Photo Professional ta Canon ko NX Studio ta Nikon. Mai aiki da waya kuwa Snapseed ta ishe shi. Amma kwafin sata da ake ɗura wa mutane a kasuwa, wannan arha ce mai tsada, domin ta nan ɓarayin bayanai suka saba shigowa, kuma kwamfutar da ke ɗauke da hotunan iyali ba wurin gwaji ba ce.

Shi tsari ba ya bukatar ko kwabo. A buɗe folda ga kowace shekara, a cikinta kowane taro da tasa, a fara sunan da shekara da wata da rana, misali "2024-06-17 Hawan Daushe". Wannan ko babu wata manhaja kowace kwamfuta za ta jera shi daidai. Sa'an nan a yi tankaɗe tun ranar da aka dawo: mai hazo-hazo da wanda aka rufe ido da guda tara cikin goma masu kama da juna duk a share su. A nan ne hannun mutane ke rawa, shi ya sa rumbu ke cika da ƙaiƙayi. Waɗanda suka tsira a rubuta musu sunayen mutanen ciki, domin jikan da zai buɗe su nan gaba ba zai san wace ce tsohuwar da ke riƙe da jaririn ba.

Kada kuma a ɗauki WhatsApp a matsayin ma'aji. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba yakan isa a matse, an kuma cire masa bayanin rana da na kyamara, sai fa in an tura shi a matsayin fayil. Google Photos ma ya daina ajiya kyauta ba iyaka tun 1 ga Yuni, 2021, abin da ya haura gigabait 15 sai an biya. Ƙa'idar da masana ajiya suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. A ƙasar da wuta kan ɗauke ta komo da ƙarfi ba sallama, faifan ajiya na biyu a cire shi daga kwamfuta da zarar an gama kwafa. Bayan 'yan watanni kuma a jona shi, a buɗe hotuna goma ko ashirin daga shekaru dabam-dabam, a tabbatar suna buɗuwa.