Daga Mafitsara Zuwa Jini

Mu a nan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, da zarar jiki ya yi zafi sai mu ɗora wa sauro. Amma in zazzaɓi ya zo tare da zafin fitsari da ciwon kwiɓi, to, a binciki fitsarin.

Akwai ƙwayar cuta da likitoci ke kira E. coli. Gidanta hanji ne. In ta sami hanyar fitsari sai ta shiga mafitsara, daga nan ta haura ƙoda. Ƙoda kuwa ita ke tace jini, saboda haka ƙwayar takan faɗa cikinsa. Sa'an nan sai rawar ɗari, numfashi sama-sama, fitsari ya ragu, hankali ya gushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 irin wannan gubar jini, daga cututtuka dabam-dabam, ta kashe mutum wajen miliyan 11.

Jarirai, masu ciwon suga, da dattawan da fitsari ke riƙe musu, su suka fi shiga haɗari. Haka yara masu wanka a madatsar ruwa ta Zobe, gama tsargiya takan raunana mafitsara. Mai ciki kuwa tana iya ɗauke da ƙwayar ba ta ji kome ba. Shi ya sa ake gwada fitsari wajen awo.

Kada mu sayi kafso biyu a kemis mu ce mun warke. Mu je babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi a gwada fitsari, mu kuma shanye maganin duka. In rawar ɗari ta fara, kada a bari sai gobe.