Ziyarar Ƙawa A Terengganu Da Daren Kamun Sotong

Idan kina cikin matan da suka bi mazajensu karatu Malesiya, kin san yadda zaman yake: maigida ya tafi jami'a tun safe, ke kina can saman bene, daga ke sai yara sai wayar hannu. Wata sai ta yi shekara uku a Kuala Lumpur ba ta san ko'ina ba sai shagon da take sayen manja. To duk ranar da ƙawarki da ke Kuala Terengganu ta ce ku zo hutun ƙarshen mako, kar ki ce sai an ga hali. Ki lallaɓa maigida ku je.

Sai dai ki lura, a jihar Terengganu Juma'a da Asabar ake hutu, ran Lahadi kowa yana wajen aiki, don haka ku kama hanya tun Alhamis. Garin yana gabar teku ta gabas, tafiyar awa 5 zuwa 6 a mota, a jirgin sama kuwa kamar awa 1. Ku zaɓi tsakanin Afrilu da Agusta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu damina ce mai iska, teku ba ta shiguwa.

Ki roƙi ƙawar taki ta fara kai ki kasuwar Pasar Payang da sassafe. A nan za ki gane cewa abincin mutanen nan bai yi nisa da namu ba kamar yadda kike zato. Akwai serunding, wanda dambun nama ne sak, illa dai nasu da ɗan zaƙi, kuma ana yin na kifi da na kaza. Akwai gula melaka, sukarin da ake dafawa daga ruwan furen kwakwa, in kin gan shi sai ki rantse mazarƙwaila ce. Akwai budu, ruwan ƙananan kifi da gishiri da aka bari ya ruɓa, shi ne kamar daddawarsu. Warinsa zai buge ki, amma don Allah kar ki toshe hanci a gaban mai kaya. Mu da muke shanya daddawar kalwa a tsakar gida ba mu da bakin magana. Ki ɗanɗana keropok lekor, naman kifi da aka kwaɓa da garin sago aka mulmula aka soya. Da zafinsa ake ci, in ya huce sai ya yi tauri, saboda haka ba shi ne na tsaraba ba. Tsaraba ita ce serunding da busassun ƙananan kifin nan ikan bilis.

Amma abin da ya kai ku shi ne daren kamun sotong. Sotong wata dabbar teku ce da Larabawa ke kira habbar, saboda baƙar tawadar da take fesawa in ta ji tsoro. Jikinta dogo ne mai laushi, ba ƙaya ba ɓawo, da hannuwa 10 a kai, biyu sun fi sauran tsawo. Na san tambayar da ke bakinki. A mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin teku halal ne, haka ma a Shafi'iyya da mutanen Malesiya ke bi. Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai, shi ya sa za ki ga wata maƙwabciyarki 'yar Pakistan ba ta ci.

Daga Marang, kudu da garin kaɗan, ake shiga kwale-kwale mai inji bayan la'asar, ba a dawowa sai wajen asuba. In duhu ya yi masunta su kunna manyan fitilu su haske ruwa, ƙananan kifi su taru, sotong ya biyo su. Za a miƙo miki zare mai ɗauke da wata 'yar dalma da ƙananan ƙugiyoyi suka kewaye gindinta, ba a sa koto. Ki sake shi har ya taɓa ƙasa, sannan ki riƙa fizgowa kina saki. Da kin ji nauyi kamar leda ta maƙale, ki jawo a hankali ba tare da tsayawa ba, don in zaren ya yi sako-sako ya kuɓuce ke nan. Kuma ki kau da fuska lokacin da ya fito, domin tawadar nan ba ta san sabon hijabi ba. Tsohon da kika daina so shi za ki sa.

Gaskiya daren ba na kowa ba ne. Kwale-kwalen yana tsaye igiyar ruwa na jijjiga shi har gari ya waye, kuma in amai ya taso ba a juyawa gida saboda mutum ɗaya. Ki sha maganin jirin tafiya kafin ku tashi, ki riƙe citta, kar ki cika ciki da maiƙo. Mai juna biyu ta haƙura, ƙananan yara ma a bar su gida. Kar ki taka jirgin da babu rigar kariya daga nutsewa ta kowa da kowa. Kuma wani daren sai a dawo da guda biyar kacal, ba laifin kowa ba ne.

Gyaransa ba wuya. Ki jawo kan, kayan ciki za su biyo, ki zare wani siririn abu mai kama da farar roba daga cikin jikin, ki cire ɗan bakin nan mai tauri da ke tsakiyar hannuwa, ki saɓule fatar. Dahuwar ce ke ba da kunya. Ko dai minti 2 a mai mai zafi sosai, ko ki bar shi ya haura rabin awa a wuta kaɗan. Tsakanin haka, taunar danƙo za a yi. Mutanen Terengganu na ɗura masa shinkafa mai danƙo su dafa a madarar kwakwa, suna ce masa ketupat sotong. Ke kuwa ki yanka shi zobe-zobe, ki turmusa a fulawa da yajin ƙuli irin na tsire ki soya. Wanda kifin teku ko jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ya fara tuntuɓar likita tukuna.