Ƙananan sojojin kumbo da abokan aikinsu daga wasu duniyoyi: me waɗannan labarai ke faɗa?

A ƙagaggun labaran kimiyya da suka shafi yaƙi a sararin samaniya, an saba ganin kyaftin zaune kan kujerarsa yana ba da umarni, halittun wasu duniyoyi kuwa ko dai abokan gaba ne ko manyan baƙi. Amma akwai wani reshe na wannan adabi da ya sauka can ƙasan jirgi, wurin masu gyaran inji, masu dafa abinci da masu gadi. A nan baƙuwar halitta abokiyar aiki ce, ana cin abinci tare, ana kwana ɗaki ɗaya.

Daga teku zuwa sama

Marubutan Amurka da Ingila sun kwashi tsarin sojan ruwa suka ɗora wa kumbo: muƙamai, karɓa-karɓar gadi, da doguwar tafiya nesa da gida. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek a 1966, ya gina halin kyaftin ɗinsa kan Horatio Hornblower, jarumin littattafan sojan ruwa na C. S. Forester. Robert Heinlein, mai littafin Starship Troopers na 1959, ya gama makarantar hafsoshin ruwa ta Amurka a 1929.

Cakuɗar ma'aikata ma tana da tushe a tarihi. Jiragen Ingila sun daɗe suna ɗaukar matuƙa daga Indiya da kuma ƴan ƙabilar Kru na gaɓar Laberiya. Harshe daban, abinci daban, amma idan ruwa ya fara shiga jirgi kowa guga zai ɗauka.

Su wa ke ƙasan jirgi?

Misali mafi shahara shi ne Star Trek: Lower Decks, shirin zane mai motsi na Mike McMahan da aka nuna daga 2020 zuwa 2024. Sunan na nufin benayen ƙasa na jirgi. Taurarinsa ƙananan hafsoshi huɗu ne a kumbon Cerritos, waɗanda gadajensu ke jere a kan hanyar wucewa. Aikin kumbon ma ba na suna ba ne: shi ke zuwa bayan manya sun gama bikin haɗuwar farko da wata duniya, ya cike takardu ya yi gyare-gyare. Ɗaya daga cikinsu, Tendi, koriyar fata gare ta, kuma an san jinsinta da fashi a sararin samaniya. Kullum tana fama da masu yi mata kallon ɓarauniya tun kafin ta buɗe baki.

Tanya Huff, ƴar ƙasar Kanada da ta yi aikin kuku a rundunar sojan ruwa ta ko-ta-kwana, ta bi hanya mafi tsanani. A littafinta Valor's Choice na shekarar 2000, saje Torin Kerr tana riƙe da sojoji jinsi uku. Akwai mutane, akwai di'Taykan, waɗanda jikinsu ke fitar da wani sinadari mai ruɗa na kusa da su, har sai sun ɗaura na'urar da ke danne shi, sai Krai, masu iya cin kusan komai, masu kama abu da ƙafa kamar da hannu. Aikin saje shi ne ta san halin kowa, ta hana rigima a wurin cin abinci, ta kuma dawo da su gida da rai. Zama da maɗaukin kanwa ke kawo farin kai: a hankali kowa ya ɗauki ba'ar ɗan'uwansa da ɗabi'unsa.

Abin da mai karatu a Afirka zai lura

A duniyar Huff, tsofaffin jinsuna masu ci gaba sun daina yaƙi tun da daɗewa. Da abokan gaba suka taso, sai suka ɗauko ƙananan jinsuna su yi musu faɗan. Duk wanda kakansa ya sa kakin Faransa a yaƙin 1914 ko na 1939 ya san wannan ciniki: wani ke yanke shawara, wani ke zubar da jini.

Akwai kuma abin da ke da ɗaci. Babban faɗan littafin an kwaikwayo shi ne daga yaƙin Rorke's Drift na watan Janairun 1879, inda sojojin Ingila kusan 150 suka tare dubban mayaƙan Zulu a Afirka ta Kudu. A labarin, wasu halittu masu kama da ƙadangaru ne suka hau gurbin Zulu. Wato adabin da ke koyar da zama da baƙo a cikin jirgi yana iya mayar da ɗan Afirka baƙon da ke wajen katanga.

Shi ya sa tambayar da ta dace a yi wa kowane irin wannan labari guda biyu ce: wa aka bari ya shiga jirgin, kuma wa aka bari a waje ana harbi?