Mashayi da Hanyar Komowa

Shirinmu na yau zai taɓo wani al'amari wanda kusan kowace unguwa ta san da shi, amma kunya ta hana a ambace shi a majalisa, wato jarabar giya, da yadda wanda Allah ya kuɓutar daga gare ta zai dawwama bisa istiƙama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2024, ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Mu kuwa a nan, da yake shari'a ta haramta ta, al'ada kuma ta ƙyamace ta, mai shanta yakan sha ne a ɓoye, ko burkutu a bayan gari, ko ogogoro, ko 'yar ledar nan da ake sakawa a aljihu, har ya zamana iyalinsa ba su farga ba sai ciwo ya yi nisa.

To, ta yaya ake gane cewa shan ya zama jaraba? Idan abin da ke bugar da mutum bara ya daina isarsa bana, idan ya sha yin alkawarin dainawa yana warwarewa, idan nasiha kaɗan ta sa ya harzuƙa, idan kuɗin cefane ya fara salwanta ba bayani, uwa uba idan ya wayi gari hannunsa na rawa, zufa na karyo masa, ba ya samun natsuwa sai ya kurɓa, to, lalle jikinsa ya riga ya ɗamfaru da ita, kuma maganar ta wuce ta tarbiyya kawai, ta shiga hannun likita.

A nan ne nake roƙon masu sauraro su ba ni hankalinsu sosai. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke ta rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, kamar yadda wasu kan yi da kyakkyawar niyya a daren ɗaya ga azumi, yana iya jefa ransa cikin halaka. Gama makyarkyata kan fara tun kafin a yi kwana guda, farfaɗiya na iya biyowa, a kwana na biyu ko na uku kuma wani yakan ruɗe, ya riƙa ganin abin da babu shi, har a ce aljanu ne suka shafe shi, alhali kuwa ƙwaƙwalwa ce ke neman abin da ta saba da shi. Wannan hali yana kisa, amma yana da magani. A asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri, akwai likitocin da aikinsu ke nan: su kwantar da jiki, su ba da bitamin B1 wanda giya ke ƙarar da shi. Akwai kuma magunguna irin su naltrexone masu rage kwaɗayin sha. Tuba wajibi ce nan take, zuwa asibiti kuwa yana daga cikin cikarta.

Ai ko haramcin ma da tadriji ya sauka a Madina: aka fara da bayanin cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, kana hukuncin ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Hukunci ya tabbata, ba mai sassauta shi, amma hikimar tana nuna mana cewa Mahalicci ya san nauyin sabo a kan ɗan Adam.

Fita daga asibiti ba ita ce wahala ba, zaman bayanta ne. A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, wani ɗan kasuwar hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni bai sha ba, ya ji sha'awar ta taso masa a baƙon gari; maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi wani mashayi ɗan'uwansa, likita Bob Smith, suka zauna suka faɗa wa juna gaskiya. Daga wannan zama aka samu ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ta bazu a duniya bisa ƙa'idar cewa mutum ya ɗauki azamar yini guda kawai, gobe ya sabunta, kuma kada ya yi jihadin nan shi kaɗai. Ni a ganina nan ne muka fi rauni, domin mukan yi wa mai tuba wa'azi, sannan mu ƙaurace masa, mu bar shi da tsofaffin abokansa, su da ba su taɓa rufe masa ƙofa ba.

Idan kuma ya zame ya koma fa? Imamu Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, saboda shan giya. Da wani ya gaji ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Saboda haka ranar da ɗanku ko mijinki ya zame, a mayar da shi wurin likita da wuri, a zauna da shi cikin sutura a binciko abin da ya buɗe ƙofar, ko ranar albashi ce, ko kaɗaicin bayan isha'i, ko wani ɓacin rai da ya haɗiye, sannan a sami mutum guda amintacce wanda zai iya kira ko da tsakar dare ne.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya sake haɗa mu, a huta lafiya.